Kwalaben Oddrun

Duk wanda ya bi hanyar kwarinmu ya wuce gadar katako, idan ya dubi hagu zai ga wata rumfar faci mai jan fenti, da tsofaffin tayoyi jibge a gefenta. Rumfar Oddrun ke nan. Baƙo ba ya ganin komai a wurin sai tayoyin. Ɗan gari kuwa ya san abin kallon yana baya, a bangon arewa inda rana ba ta taɓa leƙawa. Kwalabe ne sittin da 'yan kai rataye a jere, kowace a ƙusarta, kowace da sunan gona rubuce a jikinta da baƙin fenti.

Aikin Oddrun shi ne ɗura wa tayoyin tarakta ruwa. Gonakinmu a jingine suke jikin tsauni, tarakta kuwa in ba ta da nauyi a ƙasa sai ta yi ta sulu, ko ta ɗaga gaba, ko ta kife gaba ɗaya. Shi ya sa ake cika tayoyin baya da ruwa, kashi uku cikin huɗu, a bar wa iska sauran. To amma ruwa tsura ba ya yi a ƙasar da sanyi ke kaiwa digiri arba'in ƙasa da sifili. Sai an narka masa wani farin gishiri mai ɓawo-ɓawo wanda ba a ci, wanda muke kira gishirin taya. In an haɗa shi daidai, ko hancin mutum zai faɗi don sanyi, ruwan nan ba ya daskarewa. Duk tayar da Oddrun ta cika, sai ta ɗebi kaɗan daga ruwan a kwalba, ta kawo ta rataye a bangon nan. Abin da sanyi zai yi wa ruwan da ke cikin taya, shi zai yi wa na kwalbar. Ta haka take sanin halin da kowace tarakta ke ciki a kwarin, ba tare da ta bar ƙofar gidanta ba.

Ba ita ta zaɓi sana'ar ba. Sana'ar ce ta zo ta same ta tana da shekara goma sha biyu, kuma ba ta zo da daɗi ba. Yayanta Tormod, saurayi ɗan shekara sha tara, yana aikin ƙodago a Brattli, gonar da ta fi kowace tsayi a kwarin, wadda hanyarta ke saukowa a murɗe, kwana bayan kwana. A lokacin taraktoci sababbi ne a wurinmu, ba wanda ya san kansu sosai. Da bazara aka ɗura wa tayoyin taraktar Brattli ruwan rafi don aikin huɗa, aka manta da shi a ciki. Da hunturu ya kankama, Tormod ya ɗauko itace zai sauko da shi. Ƙanƙarar da ke cikin taya ta yanke bawul daga ciki, tayar ta zube a kwana ta uku, taraktar ta kife da shi. A kan ƙyauren ƙofa aka sauko da shi.

Mahaifinsu Jostein mai faci ne, mutum marar yawan magana tun asali. Bayan jana'iza da kwana tara ya shiga jirgin ƙasa ya tafi birni, ya dawo da buhuna biyu na gishirin taya da wata 'yar takarda da aka rubuta masa yadda ake haɗawa. Washegari aka ji ƙarar guduma a bayan rumfa. Ya kafa ƙusoshi a jere, ya bi gona-gona yana zubar da ruwan rafi yana ɗura nasa, yana dawowa da kwalabe. Amma ƙusa ta farko bai rataya mata komai ba, bai kuma ce me ya sa ba. Wata rana Oddrun ta rataya safar hannunta a kai ba da wani nufi ba. Bai yi mata faɗa ba. Ya cire safar ya miƙa mata, ya shiga ɗaki, ranar bai ci abincin rana ba. Ba ta sake ba.

Ita ta zama hannun damansa, tun da babu wani ɗa namiji. Ya koya mata ƙa'idodinsa uku, kuma ba a zaune ya koya mata ba, sai a bakin duro. Ruwa ake fara zubawa, sannan gishiri a kai, ba a juya abin. Duro sai ya yi zafi, har ka kasa daɗewa da tafin hannu a jikinsa, don gishirin taya na gaske haka yake yi wa ruwa, sannan a jira ya huce. Ta ukun ita ce wadda ya fi nanatawa: abin da ba hannunki ya haɗa ba, famfonki ba ya ɗurawa.

Ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya, mijin ya rasu, 'yar ta tafi birnin Trondheim tana aikin asibiti tana bugo waya kowace Lahadi tana cewa a sayar da rumfa. Oddrun takan ce mata, "To, bari a wuce wannan hunturun." An wuce hunturu goma ana wannan maganar. Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, gishiri ya cinye mata fatar hannu har ta zama kamar ɓawon itace. Ba ta da haƙuri ko kaɗan, wannan kowa ya shaida, ni ma na sha nawa rabon. Amma a shekara arba'in da ɗaya ba a taɓa jin tayar da ta daskare a kwarinmu ba, kuma saboda haka ake yafe mata bakinta.

Kowace kaka takan zagaya gonaki, ta ɗebi sabon ruwa daga kowace taya, ta ƙara wa wadda ta rage. Kuma kullum da Brattli take farawa, don haka mahaifinta yake yi. Mai Brattli yanzu shi ne Embret, ɗan gidan, sa'an marigayi Tormod kuma abokinsa. Bai taɓa aure ba. Daga shi sai shanunsa goma sha huɗu da wata tsohuwar kyanwa. Marowaci ne na ƙin ƙarawa, irin wanda ke miƙe tsohuwar ƙusa ya sake amfani da ita. Tsakaninsa da Oddrun babu gaisuwa, sai tsiya.

"A'a, uwar kwalabe! Ashe har yanzu kina nan?"

"Ina nan, sarkin rowa. Ina jiran in sha kofin jana'izarka, ko da yake na san ba za a sa sukari ba."

Haka suke yi shekara da shekaru, kuma a duk tsawon lokacin nan ko sau ɗaya sunan Tormod bai taɓa fitowa daga bakin ɗayansu ba.

Shekarar da nake ba da labari, Oddrun tana da hamsin da uku, gwiwarta ta hagu ta fara yi mata gardama. Embret kuwa ya yi abin da ya girgiza kwarin: ya sayi sababbin tayoyin baya, bayan tsofaffin sun zama sumul. Sabuwar taya na nufin aikin yini guda, duro biyu cike. Oddrun ta hau da motarta da sassafe cikin yayyafi, ta sauko daga motar tana ɗingishi, sai ta ga duro biyu a tsaye a tsakar gida, cike fal, an rufe su da katako.

"Mene ne wannan?"

Embret ya kau da kai yana sosa ƙeya. "Na haɗa miki tun jiya. Ya huce. Ba sai kin tsaya juya sanda da wannan ƙafar taki ta katako ba."

Ta ɗora tafin hannu a jikin duron. Sanyi ƙalau, amma ai abin da ya kwana dole ya huce. "Ina buhunan?"

"Na ƙona su. Ko so kike ki lissafa toka? Shekara arba'in ina kallon ki kina juya ruwa da sanda, sai ka ce wani karatu ne."

A nan ya kamata ta ture durorin ta zubar. Ta san da haka, muryar mahaifinta ma ta ji a kunnenta. Amma sai ta dubi mutumin nan, da kunnuwansa da suka yi ja, yana kallon bango kamar wanda aka kama da laifi. Tun suna yara bai taɓa yi mata wani abin kirki ba sai ranar. Ta kasa mayar masa da shi a fuska. Wannan ne kaɗai dalilin, ba gwiwa ba, ba yayyafi ba. Ta ɗaura tiyo, ta kunna famfo, ta cika tayoyin biyu, ta ɗebi kwalbarta ta sauko.

Hunturun ya fara da sauƙi. Har bayan Kirsimeti sanyin bai wuce sha biyar ba, tsofaffi suna ta mita wai duniya ta lalace. Sai a ƙarshen Janairu dusar ƙanƙara ta yi yini guda tana zuba, da yamma sama ta washe, kowa ya san abin da ke tafe. Da safe ƙarfe bakwai Oddrun ta haska ma'aunin sanyi da ke jikin taga: talatin da huɗu ƙasa da sifili.

Ta zura takalma, ta ɗauki tocila ta zagaya bayan rumfa, kamar yadda take yi duk safiyar da ta yi tsanani. Ba kallo take yi ba, girgizawa take yi. Ta kama kwalba ta kaɗa, ta ji cakal, ta wuce ta gaba. Ta fara daga ƙarshen layi, tana tahowa, cakal, cakal, har ta iso ta kusa da ƙusar da ba komai. Ta kaɗa. Shiru. Ta haska: kwalbar Brattli ta yi fari fat, ta zama dutse.

Nan take ta gane abin da ya faru. Gishirin shanu ne ya zuba, wanda yake barbaɗa wa ciyawa, wanda ke jibge a rumbunsa. Shi ma yana hana daskarewa, amma iyakarsa ashirin da 'yan kai. Ta kuma tuna ranar Laraba ce, ranar da tankar madara ke hawa Brattli da ƙarfe sha ɗaya. Embret zai gama tatsa, ya sha kofinsa, da ƙarfe tara ya tayar da tarakta ya sauko yana ture ƙanƙara daga hanya. Zai bi ta kwana ta uku.

Ta ruga ciki ta buga waya. Ta yi ta ƙara a gidan da ba kowa, don yana ɗakin shanu, ko da ma yana gida ba ɗauka yake yi ba, wai duk mai neman sa ya san hanya. Sai ta kira Sigvald, maƙwabcinsa na ƙasa, wani ƙaton mutum mai sanyin hali.

"Sigvald, tayar da taraktarka ka hau Brattli."

"Lafiya, Oddrun? Ni ko tawa hanyar ban ture ba."

"Taka ta jira. Kwalbar Embret ta yi fari."

A kwarinmu ba a buƙatar ƙarin bayani a kan wannan. "Injina sai ya ɗau zafi. Ba zan iso ba kafin goma."

"Ni zan riga ka."

Ta jefa katakan sulu, irin waɗanda ake ɗaurawa a ƙafa don tafiya a kan dusar ƙanƙara, a bayan mota, ta tuƙa har gindin hanyar Brattli, inda dusar ƙanƙara ta kai cinya. Ƙarfe takwas saura. Kilomita uku ne a tsaye. Kwalbar ba ta sa ta a aljihu ba, don kada ɗumin jikinta ya narka ta, tsohon ya samu abin musu. Ta ɗaure ta da igiya a ɗamararta ta waje, ta ɗaura katakan a ƙafa, ta fara hawa.

Ba zan ce ta hau da ƙarfi ba, don ba ta da shi. Da taurin kai ta hau. Numfashinta yana daskarewa a gashin ido, gwiwar tana sara kamar ana buga mata ƙusa. Sau biyu ta faɗi, sau biyu ta tashi tana zagin Embret da kakanninsa da shanunsa ɗaya bayan ɗaya, don zagin yana ɗumama ta. Da ta zo kwana ta uku ba ta ɗaga kai ba. Akwai wani ɗan dutse da aka kafa a gefen hanya a wurin don tunawa da Tormod, ƙanƙara ta binne shi, amma ta san daidai inda yake. Ta wuce tana ƙirga taku.

Gari ya fara yin shuɗi-shuɗi sa'ad da ta ji injin ya tashi a sama. Saura kwana ɗaya. Ta manta da gwiwa. Ta iso ƙofar shingen gonar daidai lokacin da taraktar ke fitowa daga rumfa, da garmar ture ƙanƙara a gaba. Ko daga nan ana jin ciwon: dim, shiru, dim, shiru, duk juyin taya sai taraktar ta yi tsalle kamar doki mai ɗingishi. Oddrun ta tsaya a tsakiyar ƙofar ta ɗaga kwalbar sama.

Embret ya taka birki ya leƙo. "Ke! Haukan ya kai haka? Matsa!"

"Sauko ka gani."

"Ina gani daga nan. Kwalba ce."

"Taka ce, ɗan rainin hankali. Me ka zuba a duron nan?"

"Gishiri."

"Wane gishirin?"

"Gishiri ai gishiri ne! Ke da ubanki kun mai da abin kamar maganin asibiti, don a riƙa saye a wurinku."

"Gishirin shanu ka zuba. Dutse kake tuƙawa, Embret, dutse biyu. Kai ba ka ji yadda take tsalle ba?"

Ya ji, ai ba kurma ba ne. Amma ya ɗaure fuska. "Zai narke a hanya. In ta yi zafi zai saki. Tankina cike yake da madarar kwana biyu, in motar nan ta juya ba ta hau ba, a ƙasa zan zubar. Ke za ki tatso min wata?"

"Sigvald yana tafe."

"Ban roƙi kowa ba. Shekara talatin ni ke ture hanyata. Matsa, na ce!"

Ya taka totur, injin ya yi ruri, hayaƙi ya turnuƙe. Oddrun ta sunkuya ta kwance katakan sulu, ta jingine su a shinge a hankali, sannan ta zauna daɓas a cikin ƙanƙara a tsakiyar ƙofar, ta miƙe ƙafar mai ciwo. Garmar tana gabanta da taku uku.

"To bismilla," ta ce. "Sai dai ka ture ni tare da ƙanƙarar."

"Za ki daskare a wurin, tsohuwar banza!"

"Sai a rataye ni a bango."

"Oddrun, wallahi kina ɓata min lokaci!"

Ta ɗaga kai ta dube shi sosai. Muryarta ba ta tashi ba, amma ya ji ta duk da ƙarar injin. "An taɓa sauko da mutum ɗaya daga gonar nan a kan ƙyauren ƙofa. Ni na wanke rigarsa, ina da shekara sha biyu, don Inna ta kasa. Ba za a sauko da na biyu ba da ruwan da famfona ya ɗura."

Injin ya ci gaba da ruri na ɗan lokaci. Sannan ya mutu. Shiru ya sauka a gonar, har ana jin shanu suna motsi a ɗakinsu. Embret ya sauko a hankali, ya zo ya tsaya a kanta. Ya miƙa mata hannu. Ta kama ta tashi, ta ce masa hannunsa na wari, ya ce na shanu ne, su ba su taɓa ƙorafi ba.

Sigvald ya iso goma da kwata, ya bar hanya fes a bayansa. Tankar madara ta hau ta sauka. Sai aikin gaske ya fara. Suka ɗaga taraktar a kan jak da gungume, suka yi ta fama da notina da sanyi ya ƙame, sifana tana manne wa safar hannu. Kowace taya da ƙanƙarar cikinta ta fi nauyin saniya. Sigvald ya ɗauke su da cokalin ɗaukar kaya na taraktarsa ya kai bakin ɗakin shanu, su uku suka gangara su ciki suka jingine a bango, don babu wuri mai ɗumi a gonar da zai ɗauke su sai nan. Shanun suka yi ta juyowa suna kallon baƙin. Wata mai suna Rosa ta miƙo wuya ta fara lasar bawul.

"Ka gani?" in ji Oddrun. "Ita ta gane gishirinta."

Sigvald ya yi dariya har da riƙe ciki. Embret bai yi ba.

Kwana uku ƙanƙarar ta ɗauka kafin ta saki. Kullum Oddrun sai ta hau, ta buga tayar da guduma ta saurara, ta sauko. Labari ya riga ya zagaye kwarin. A kanti aka tare ta, kowa na son jin yadda sarkin rowa ya yi abin kunya. Ta ce musu, "Ni na ɗura. Famfona ne, kwalbata ce." Wani ya ce ai an ji shi ya haɗa. Ta ce, "Na ce ni na ɗura. Ba ni burodina in tafi." Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don shekara arba'in da ɗaya ba wasa ba ce, kuma ta san daga ranar ba za a sake cewa ba a taɓa ba. Amma ba ta sauya maganar ba.

Ranar Asabar ta hau da buhunanta da famfonta. Suka zubar da ruwan a ramin taki, ta zare robar ciki ta tayar hagu, ta kai bakin taga ta duba. Sannan ta kira shi. Gindin bawul ɗin ya yanke kusan gaba ɗaya, saura wani ɗan siririn zare na roba ke riƙe da shi. Daga rumfa zuwa ƙofar shinge kaɗai ya yi wannan ɓarnar. Embret ya karɓa ya juya shi a hannu ya daɗe yana kallo.

Ta sa sabuwar roba. Ta cika duro da ruwa, ta farke buhu, ta riƙa zuba gishirin kaɗan-kaɗan tana juyawa da sandar mahaifinta. Tururi ya fara tashi.

"Kawo hannunka."

Ya ɗora tafinsa a jikin duron, ya janye da sauri. Ya sake ɗorawa, wannan karon ya bar shi a wurin.

"Haka yake yi," ta ce. "In bai yi haka ba, ba shi ba ne."

Suka zauna a kan buhunan dusa suna jiran ya huce. Ya kawo kofi a butar ƙarfe da burodi da cuku, ya kuma ajiye gwangwanin sukari a gabanta, abin da ba a taɓa gani ba a Brattli. Shanu suna ta tuƙa. Can sai ya yi magana, idonsa a kan duron.

"Waccan shekarar, ni na riƙe tiyon. Ni na ce a ɗebo na rafi, don ya fi kusa. Tormod ya ce ko za a tambayi wani. Na ce ruwa ai ruwa ne."

Oddrun ta juya cokali a kofinta. "Na sani."

Ya juyo. "Kin sani?"

"Baba ma ya sani. Tormod ya ba mu labari a gida tun da bazarar, yana dariya, wai kun jiƙe sharkaf."

"Ya sani, kuma yake hawowa nan kowace shekara?"

"Kai a ganinka me ya sa yake farawa da taku? Cewa ya yi, yaron nan zai yi ta ɗaukar abin shi kaɗai, bari aƙalla a ɗauke masa tayoyin."

Embret ya ajiye kofin a ƙasa. Ya tashi ya tafi can ƙarshen ɗakin, ya tsaya jikin Rosa ya juya baya, yana gyara sarƙar da ba abin da ya same ta. Oddrun ta ƙyale shi. Ita ma idonta ya cika, ta share da bayan hannu, gishiri ya shiga, ta samu abin zagi.

Da ruwan ya huce suka mayar da tayoyin. Ta juya kowace har bawul ya koma sama, ta ɗaura tiyo, tana ɗurawa tana tsayawa iska ta fita, har ruwa ya fara tofowa ta bawul. Ta cika sauran da iska. Ta ɗebi sabuwar kwalba, ta rubuta Brattli a jiki, ta sauko kafin duhu.

Washegari bayan an taso daga coci ta ji tarakta ta tsaya a ƙofar rumfa, tana tafiya sumul ba tsalle. Embret ne, da rigarsa ta Lahadi. Ya zagayo bayan rumfa inda take rataye sabuwar kwalbar a ƙusarta. A hannunsa akwai tsohuwar, wadda ta manta a kan shingensa. Har yanzu fara fat take.

"Kin bar kayanki a gonata. Ba na ajiye sharar mutane."

"Kawo."

Ta karɓa ta juya ta. Ruwan cikinta ba zai taɓa gyaruwa ba. Duk shekara, da zarar sanyi ya wuce ashirin, ita za ta fara yin fari tun sauran suna cakal. Ta dubi layin daga ƙarshe har farko. Duk ƙusoshin a cike suke, sai guda ɗaya, wadda ta yi tsatsa, shekara arba'in da ɗaya ba a rataya mata komai ba.

Ta mayar masa da kwalbar, ta nuna ƙusar da haɓa.

"Ni hannuna ba ya kaiwa," ta ce, ko da yake ƙusar ba ta fi sauran tsayi ba.

Embret ya dubi ƙusar. Bai tambayi ta wane ne ba. Ya cire hularsa cikin sanyin nan ya cusa a aljihu, ya kama igiyar da hannu biyu, ya rataya.